Rasuwar Godiya Bayan An Sa Mata Jan Bushin

Da zuciya cike da baƙin ciki, wadda kuma tsoro ya hana ta zama wuri ɗaya, Benson Ishaku, a madadin iyalan Baba Ishaku na Barnawa, yana sanar da 'yan uwa, abokan arziki, 'yan coci da maƙwabta rasuwar motarsu, Godiya. Ta riga mu gidan gaskiya ranar Laraba da misalin ƙarfe huɗu da kwata na yamma, a kan hanyar Kudenda, tana da shekara ashirin da shida a duniya, goma sha tara daga ciki a hannun wannan gida. Tsoron da mai sanarwa ba zai ɓoye muku ba shi ne, bai yarda ajali ne kaɗai ya ɗauke ta ba. Yana ganin akwai hannun mutum a ciki, yana kuma fargabar cewa mai hannun yana cikin waɗanda za su zo gaisuwa, su zauna a kujerun roba a gindin mangwaro, su sha zoɓo, su ce Allah ya ba da haƙuri.

Marigayiyar 'yar Kwatano ce, launin ruwan toka, mai ƙofa huɗu. Ta shigo gidan ne a shekarar da aka sa Benson a aji ɗaya na firamare, kuma Baba Ishaku da kansa ya raɗa mata suna, bayan Fasto ya ɗora hannu a kan bonet ya yi addu'a. Duk wanda ya san ta zai shaida cewa mai riƙon amana ce. Ranar Litinin takan yi nawa, ranar Alhamis sai an tura ta, amma a shekara goma sha tara ba ta taɓa ƙin tashi da safiyar Lahadi ba. Ta ɗauki amare goma sha ɗaya zuwa coci, babu auren da ya mutu a cikinsu sai ɗaya, shi ma ba a mota aka yi rigimar ba. Kowace Kirsimeti takan je ƙauye da shinkafa da mai, ta dawo da doya da citta da akuya a but, ba ta taɓa yin ƙorafi ba sai ɗan tari a hawan tudu. Tana da nata rauni kamar kowa. Ƙofar baya ta hagu ba ta buɗuwa sai daga waje, allurar mai kuwa tun shekarun baya ta daina faɗin gaskiya. Amma ba a faɗin aibin mamaci, sai dai a ce Allah ne kaɗai cikakke.

Ta rasu ta bar maigidanta, Baba Ishaku, tsohon ma'aikacin gwamnati, wanda bai taɓa wuce gudun arba'in da ita ba. Ta bar matarsa, Mama Hajara ta Zumuntar Mata, wadda kujerar gaba ta ɗauki siffar zamanta. Ta bar Janet, ƙanwar Benson, wadda a jikinta ta koyi tuƙi, tabon kuwa yana nan a bamba ta baya. Ta bar Benson, wanda shekara biyu da suka wuce, ranar da ya kawo takardar difilomarsa ta injiniyan kanikanci, mahaifinsa ya miƙa masa makulli a gaban kowa ya ce, "Tunda ka yi karatun, daga yau lafiyarta tana wuyanka." Daga cikin dangi na kusa akwai taya huɗu da safaya ɗaya mai faci uku, batir mai wata biyar, jak, da wani tabon baƙin mai a tsakar gida wanda har yau Mama ba ta bari a share ba.

Rashin lafiyarta ya fara ne da damina. Duk ramin da ta faɗa sai a ji ta ce kwal-kwal daga gaba, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar da ya san ba za a buɗe masa ba. Daga baya sitiyari ya fara ja zuwa hagu. Aka kai ta wurin likitanta na shekara goma sha tara, Baba Filibus, makanike a Tirkaniya kuma dattijo a cocinmu. Ya girgiza tayar da hannu biyu, ya kasa kunne, ya ce bushin ɗin lowa-am ne ya mutu. Domin waɗanda ba su san jikin mota ba, lowa-am shi ne ƙarfen da ke riƙe ƙafar gaba da gangar jiki, bushin kuwa robar da ke zaune a cikin idonsa, kamar guringuntsi a gwiwar mutum. Baba Filibus ya ce a sa baƙar roba irin wadda aka saba, a sake dubawa baɗi.

Benson bai amince da wannan ba. Ya yi karatu, kuma mutumin da ya shekara biyu a gida yana jiran kiran aiki yana da lokacin bincike. Ya gano akwai wani bushin na zamani da ake yi da foliyuretan, wata roba mai tauri wadda mai ba ya cinye ta, zafi ba ya tsattsaga ta, an ce ma takan binne motar da aka sa mata. Ya yi oda ta intanet, suka iso a kwali, jajaye kamar tumatirin da aka goge. Baba Filibus ya ɗauki ɗaya, ya matsa da babban yatsa, bai lotsa ba.

"Injiniya," in ji shi, don haka yake kiran Benson tun ranar difiloma, "wannan na hanyar da ba ta da rami ne. Hanyarmu tana son roba mai yafiya."

Benson ya yi masa bayani har da zane a bayan kwalin. Tsohon ya saurara har ƙarshe, ya ce to, motarku ce. Aka yi aikin ranar wata Asabar da Baba Ishaku ya tafi ƙauye taron dangi. Abin da aka gaya masa kawai shi ne za a canza bushin, ba a ambaci launi ba. Yadda aka cire tsofaffin robobin, mai sanarwa zai dawo kansa a gaba.

A kwanakin farko marigayiyar ta miƙe kamar amarya. Kwal-kwal ya tafi, sitiyari ya tsaya cak a tsakiya. Sai dai halinta ya canza. Tsakuwar da a da take haɗiyewa ba wanda ya sani, yanzu sai ta miƙo ta har cikin haƙoran fasinja. Da aka dawo daga coci, Mama Hajara ta sauko daga motar tana riƙe da ƙugu ta ce, "Benson, me ka ba motar nan? Ta daina jin tausayin mutane." A kwana na tara aka fara jin wata sabuwar murya, siririya, ƙiiƙ-ƙiiƙ, daga gaban dama. Benson ya rubuta a littafinsa cewa giris ne ya yi kaɗan, ya ja layi biyu a ƙarƙashi, ya ce zai duba ranar Asabar.

Ba ta kai Asabar ba. A kwana na goma sha ɗaya Baba Ishaku yana tuƙi, Mama tana gefensa, suna dawowa daga duba wani ɗan coci mara lafiya a Kudenda. Tayar dama ta faɗa wani rami wanda Godiya ta san shi kamar yadda ta san ƙofar gida. Aka ji ɗas. Ƙafar ta lanƙwashe ta shige ƙarƙashinta, ta durƙusa kamar akuyar da za ta ci ciyawa, ta zame ta faɗa kwalbatin siminti. Cikinta ya yage, baƙin mai ya malala, ƙashin bayanta ya murɗe yadda ba mai walda da zai miƙar. Mama ta fito da ƙulu a goshi, Baba da targaɗe a hannu. Da gudun sittin yake, da wata sanarwar kuke karantawa yau. Maganarta ta ƙarshe hon ne da ya maƙale, fiiiim, tana ta kira ba ta tsaya ba, har wani mai keke ya sauko ya cire kan batir.

Tun daga wannan yamma Benson bai ci abinci ya ji daɗinsa ba. Ya buɗe sabon shafi a littafinsa, ya fara bin waɗanda ake zargi ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda aka koya masa bin matsalar inji.

Ya fara da ramin. Ya koma wurin da tef, ya auna zurfinsa da faɗinsa. Ramin mugu ne, amma ya shekara huɗu a wurin, motoci ɗari suna faɗa masa kullum suna fita. Aka sallame shi.

Ya juya kan Janet, wadda ranar Lahadin da ta gabata ta loda matan zumunta shida da tulunan kiɗansu a motar da aka yi don mutum biyar. Da ya tambaye ta cikin ladabi ko ta ji wani abu a hanya, sai ta dube shi daga sama har ƙasa ta ce, "Yaya, shekara nawa muna ɗaukar su ba ta karye ba, sai da ka sa mata jan takalmi? Ka tambayi kanka mana." Benson ya rubuta cewa amsar tata ta yi sauri da yawa, abin lura ne.

Akwai kuma wani maƙwabci, ba za a ambaci sunansa ba don zai zo gaisuwa, wanda kwana biyu kafin rasuwar ya tsaya a bakin get ya ce motar nan ba ta tsufa, bai kuma ƙara da Allah ya kiyaye ba. Mama Hajara tana nan a kan wannan zargi har yanzu. Benson, a matsayinsa na mai difiloma, bai yarda baki yana karya ƙarfe ba, amma ya bar sunan a shafin, da fensir.

Mai sayar da bushin ɗin ya daina ɗaukar waya tun ranar Alhamis, wanda hakan ya sa Benson ya ji wani sanyi a ransa, don ya ɗauka ya kama ɓarawonsa. Sai da ya ga gawar ya tarar jajayen robobin suna zaune daram a mazauninsu, ko ƙwarzane babu. A duk jikin marigayiyar su kaɗai suka fita lafiya. Ƙarfen da ke kewaye da su ne ya karye.

Baba Ishaku shi bai buɗe littafi ba. Ya yanke hukuncinsa tun a bakin kwalbati. "Shekara goma sha tara ina ba Filibus motata ido rufe," in ji shi, "ya taɓa ƙafarta, kwana goma sha ɗaya ta karye, ya kusa kashe mini mata." Ranar Alhamis ya kai ƙara wurin dattawan coci, an sa zama gobe Lahadi bayan sujada. Kowa ya san abin da wannan ke nufi. Rabin motocin da ke garejin Baba Filibus na 'yan cocinmu ne. Kafin azahar ɗin Juma'a mutum uku sun je sun janye nasu, ɗaya ma ba a gama ɗaura mata birki ba. An ce a taron zumunta benci guda aka bar wa matar Baba Filibus ita kaɗai. Idan dattawa suka ce ya yi sakaci da rai, kujerarsa ta dattijo za ta tafi, garejin zai bi ta, a shekarun da mutum ba ya sake fara sana'a.

Abin da ya fi damun Benson shi ne shirun tsohon. Wanda ba shi da laifi yakan yi rantsuwa, ya kira shaidu, ya zo gida da hula a hannu. Baba Filibus bai yi ko ɗaya ba. Da aka kai masa saƙon ƙara, cewa ya yi Allah ya kiyaye gaba, ya ci gaba da wanke filogi. Benson ya juya wannan shirun ta kowane gefe. Ko dai tsohon ya san ya bar noti a kwance, ko kuma ya san wani abu dabam yana jira ranar Lahadi ya fasa shi a gaban jama'a. Na biyun ne ya hana Benson sukuni. Mai kaza a aljihu, an ce, ba ya jimirin as.

Ranar Juma'a da safe ya tafi Tirkaniya, wai zai auna gawar. Ya tarar da ita a gefen garejin an ɗora ta a kan duwatsu, an rufe gilashinta da buhu. Baba Filibus ya amsa gaisuwarsa, ya tambayi hannun Baba da goshin Mama. Sannan ya shiga rumfa ya fito da rabin lowa-am ɗin da ya karye. Ya jiƙa tsumma da fetur, ya goge bakin karayar a hankali. Baƙin fenti ya fita. A ƙarƙashinsa ƙarfen ya yi shuɗi da shunayya kamar wuyan tattabara, wurin da ya karye kuma yana ƙyalli, gari-gari, kamar an fasa dunƙulen gishiri.

"Injiniya, kai ka yi makaranta, ni ban yi ba. Wannan launin, me kuke ce masa a can?"

Benson ya ƙura wa ƙarfen ido. Tsohon ya ci gaba.

"Na ce ka kai ƙarafan nan Kudenda a matse su da inji."

"Na kai, Baba."

"To," in ji tsohon, ya miƙa masa ƙarfen.

A nan ya wajaba mai sanarwa ya cika alkawarin da ya yi a baya. Baba Filibus ba shi da injin matsa bushin. Ranar aikin ya kwance ƙarafan biyu, ya sa su a buhu, ya aiki Benson wurin wani mai inji a Kudenda don a tura tsofaffin robobin su fita a sanyi. Benson ya kai, wannan gaskiya ne. Amma babu wuta, mai injin ya ce sai Litinin. Baba Ishaku kuwa zai dawo da yamma, washegari kuma ranar godiyar kaka ce a coci, motar za ta ɗauki buhun masara. Benson ya tsaya a bakin titi da buhu a kafaɗa yana tunanin fuskar mahaifinsa idan ya tarar da Godiya a kan jak ba ƙafafu, saboda wani jan abu da ba a shawarce shi a kai ba. Sai ya hango mai walda.

Mai waldan ya ƙone robar da wutar gas, hanyar da ake bi a bakin titi idan ba inji. Na hagu ya fita ba gardama. Na dama zoben ƙarfen da ke cikinsa ya ƙi motsi. Benson ne ya ce a ƙara wuta. Aka ƙara, har idon ƙarfen ya yi ja kamar garwashi, zoben ya faɗo. Mai waldan, wanda ba shi da takardar kowace makaranta, ya ce a binne shi a yashi ya huce da kansa zuwa la'asar. Benson ya dubi agogo. Ya tsinke fiya wata huɗu da haƙoransa, ya kwarara a kan jan ƙarfen. Ya ce caaa, tururi ya tashi. A shekararsa ta biyu a makaranta an yi musu tambaya a jarrabawa kan abin da ke samun ƙarfe mai zafi idan aka sanyaya shi farat ɗaya, kuma ya ci makin duka: yakan yi tauri, ya rasa juriya, ya ɓoye tsaga a cikinsa har ranar da zai karye. Da ya ga launin da ya fito, ya fesa masa baƙin fenti, ya jira ya bushe, ya koma Tirkaniya ya ce inji ya yi aiki mai kyau. Garin gyaran gira aka rasa ido, kuma mai gyaran ya san hakan tun ranar Laraba, tun kafin ya ɗauki tef ya tafi auna rami.

A can garejin, Benson ya tambayi tsohon me ya sa bai faɗa ba.

"Na ga sabon fenti ranar, ban tambaya ba. Wannan laifina ne, zan amsa shi gaban dattawa." Ya ninke tsumman ya sa a aljihu. "Sauran kuma, ni fushin Ishaku a coci kawai zai same ni. Kai gida ɗaya kuke kwana."

Benson ya ɗauki wannan maganar ya tafi da ita gida. Ya bincike ta kamar yadda ya binciki sauran, yana neman inda tarkon yake, ko tsohon yana so ne ya riƙe shi da ita nan gaba. Ya yini a kai bai sami komai ba.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Za a zauna karɓar gaisuwa yau Asabar daga ƙarfe uku zuwa shida na yamma a gidan Baba Ishaku da ke Barnawa. Ana roƙon masu zuwa da mota su ajiye ta nesa da get, don kada su tayar wa Mama da hankali. Ranar Litinin da ƙarfe goma na safe za a ɗauki gawar daga garejin Baba Filibus a Tirkaniya, inda take kwance, zuwa filin 'yan gwangwan, makwancinta na ƙarshe. Bisa ga halinta na kyauta, za a ba da batir ga motar coci, tayoyi biyu masu sauran rai ga duk ɗan zumuntar maza da ya fara zuwa da jak ɗinsa. Lambarta za ta zauna a falo. Jajayen bushin ɗin za a binne su tare da ita, kada wani ya roƙa. Iyalan suna kuma roƙon 'yan'uwan nan uku da suka janye motocinsu daga garejin su dakata da kai su wani wuri har bayan sujadar gobe.

Dalilin wannan roƙo shi ne, yau da safe, da aka shafa addu'ar gida, Mama tana zuba shayi, Janet tana yanka burodi, Benson ya shiga ɗaki ya fito da rabin ƙarfen. Ya ajiye shi a kan tebur kusa da hannun mahaifinsa mai bandeji, ya juya shuɗin gefen sama yadda kowa zai gani. Bai zauna ba. Ya ce:

"Baba, gobe ba Baba Filibus zai tsaya gaban dattawa ba. Ni zan tsaya, da wannan ƙarfen a hannuna, in gaya musu ni na sa aka ƙona shi, ni na zuba masa ruwa, ni na rufe shi da fenti."